Gaskiya ko Jita-jita: Cadawa da Jigawar da Take Zaune a Kai

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram ya ratsa Cadawa, ko ya lura ko bai lura ba. Tana nan kimanin kilomita 40 gabas da Maraɗi, kusan rabin hanya kafin Agye, kuma daga cikinta ne hanyar Mayahi ta ɓalle ta yi arewa. A takardar gwamnati ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Agye. A bakin direbobi kuwa wurin tsayawa ce, a sha ruwa, a sayi aya, a ƙara gaba. Garuruwa irin wannan su aka fi yi wa ƙage, don kowa ya hango su ta tagar mota sai ya ɗauka ya san su. Ga wasu daga cikin maganganun da ake yawan ji a kan wannan yanki, da abin da ya tabbata.

"Garin da ba dutse, ba ganuwa, ba tsohuwar fada, ai ba shi da tarihi"

Jita-jita ce, amma an san inda ta samo asali. Mun saba neman tarihi a wurin da ido ke iya gani: Dala a Kano, Kufena a Zariya, dutsen Kwatarkwashi, hasumiyar Gobarau a Katsina. A wasu ƙasashen ma haka ne. Ƙauyukan Ceceniya da ke kan duwatsun Kaukasus har yau suna da dogayen hasumiyoyin dutse da kakanninsu suka gina ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kowace tana shaidar gidan da ya kafa ta. Mutumin jigawa bai samu dutse ba. Da laka da zana da karan gero ya yi gini, kuma idan aka tashi daga wuri, damina kaɗan ta isa ta mayar da shi kufai.

Ƙasar Cadawa shimfiɗaɗɗiya ce, tsohon rairayi ne da iska ta tara tun zamani mai nisa, ciyawa da itatuwa suka danne shi. Manoma sun kasa ta kashi-kashi: jigawa mai laushi wadda gero ke so, geza mai tauri da ke wahalar da hauya, sai fadama can inda ruwa ke kwanciya. Gulabe biyu ne suka sa ta tsakiya. A yamma akwai Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. A gabas da arewa kuma Gulbin Kaba ya lanƙwaso kamar baka, daga wajen Gazawa ya haura ƙasar Tasawa da Mayahi kafin ya juya yamma. Shi wannan na biyun yanzu kwari ne kawai mai goriba, ba kasafai ruwa ke gudu a cikinsa ba.

Tarihin irin wannan wuri a rijiya yake. Tambayi dattijo wa ya haƙa tsohuwar rijiyar gari, zai kawo maka sunan wanda ya fara saran daji, da garin da ya baro, da dalilin barowar, da gidan da ke riƙe da sarautar maigari har yau saboda wannan saran. Sunayen ƙauyukan kansu rajista ce: Gidan wane, Garin wane, Ɗan kaza. Bafaranshen nan mai bincike Guy Nicolas ya shafe shekaru a ƙasar Maraɗi yana rubuta yadda ake kafa gari, da kafin da ake binnewa, da gadon sana'o'i na Anna masu addinin gargajiya, da bikin buɗin daji. Bai rasa abin rubutawa ba.

"Tun kaka da kakanni ƙasar nan cike take da ƙauyuka"

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, har da 'yan yankin. Cikar da ake gani yau, inda gona ke manne da gona daga Maraɗi har Tasawa, ba ta daɗe ba.

Bayan da mutanen Shehu Usmanu suka ci Birnin Katsina wajen 1807, aka naɗa Ummarun Dallaje, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Ɗan Kasawa ne ya zo ya kafu a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake kiran mai sarautar garin Sarkin Katsina. Daga nan aka shiga yaƙin da ya ci kusan ƙarni guda. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gwabza da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Ɗan Mari ya ɗora daga inda Rauda ya tsaya, bayansa kuma Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da wani abu yana kai hari cikin ƙasar Katsina har zuwa ƙasar Kano. Su ma na kudu ba su zauna ba, suna ramawa.

To, a irin wannan zamani wa zai je ya kafa bukka shi kaɗai a tsakiyar jigawa? Jama'a sun dunƙule ne a cikin kwarin gulbi, inda ruwa ke kusa kuma kurmi ke ba da mafaka, ko a garuruwa masu kafi irin Tasawa da Gazawa. Abin da ke tsakani daji ne na maharba da makiyaya da mahara. Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya wuce Gazawa, ya tarar da ita kewaye da shingen itace mai ƙarfi da gwalalo. Daga nan zuwa Katsina ayarinsu ya ratsa dajin da kowa ke tsoro, suka bi ta kufan Ɗankama, garin da ake cewa a nan Sarkin Katsina Magajin Halidu ya gamu da ajalinsa bayan faɗuwar birni.

Ƙarshen ƙarnin ma bai zo da sauƙi ba. A 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarna a Lugu da Birnin Ƙonni, ta biyo ta wannan ƙasa tana ƙone garuruwa. Abin da ta aikata a Koran Kalgo har yau ba a manta ba. A Ɗankori ne mutanen Voulet suka harbe Kanar Klobb, wanda aka turo daga baya ya tsayar da su, ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi.

Sai bayan da hare-hare suka lafa a farkon ƙarni na 20 ne mutane suka fantsama cikin jigawa. Ƙane ya bar wa yayansa gonar gado ya tafi saran sabuwa, bayin da suka samu kansu suka nemi wurin zama, wasu kuma guje wa haraji da aikin tilas ne ya kai su nesa da idon kwamanda. Mafi yawan ƙauyukan da ke kan tudu tsakanin gulaben nan biyu 'ya'yan wannan ƙaura ne. Binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa suka yi a ƙauyuka irin Magami da Sarkin Hausa ya nuna yadda gonaki suka yi ta cin daji har, zuwa shekarun 1970, ya zamana saura kaɗan.

Ƙidaya ta ƙarasa bayanin. A 1977 mutanen jihar Maraɗi ba su cika miliyan ɗaya ba. A 2001 sun haura miliyan biyu da dubu ɗari biyu, a 2012 kuma sun kai miliyan uku da dubu ɗari huɗu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan Nijar ke nan, a kan yankin da ya ɗan wuce kashi uku cikin ɗari na faɗin ƙasar.

Kada dai a ji an ce daji a ɗauka fili ne marar mai shi. Fulani da Buzaye na kiwo a cikinsa tun kafin gatari ya shiga, kuma yawancin rigimar burtali da mashaya ta yau daga nan ta faro. Kisan da aka yi a Toda cikin Oktoban 1991, inda Fulani fiye da ɗari suka halaka, akasarinsu mata da yara, shi ne mafi munin abin da ƙuncin ƙasa ya haifar a jihar.

"Turawa ne suka ɗora ma'auni a kan taswira suka ja layi ɗaya, shi ke nan"

Rabi gaskiya. Lalle a Turai aka yi yanka, ba a tambayi kowa a nan ba. Amma ba sau ɗaya aka ja layin ba, kuma wanda ya tsaya a ƙarshe ba miƙaƙƙe ba ne. Yarjejeniyar 1890 ta ce daga Sayi zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi. Ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan layin ya yi gabas ya gangaro kudu ta gabashin Maraɗi, abin da ya jefa Maraɗi da Tsibiri cikin rabon Ingila a takarda. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka koma teburin ciniki. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ne suka tura iyakar kudu, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 tana kafa alamomi.

Abin lura shi ne, a wannan yanki iyakar ta bi kusan tsohuwar tsagar da ke tsakanin Katsinar Dallazawa da Katsinar Maraɗi. Turawa sun tarar da ɓaraka ne suka zuba mata siminti. Wannan bai wanke su ba, don dajin da ke tsakani a da ana ratsa shi in an samu lafiya, ba a tambayar kowa takarda.

"Hamada na cinye ƙasar, kowace shekara tana matsowa"

Wannan ita ce maganar da ta fi shiga rediyo da jawaban manya, ita ce kuma ta fi bukatar gyara. A shekarun 1970 da farkon 1980 gaskiya ce tsagwaronta a ido. Fari ya zo a 1973, ya dawo a 1984, shekarar da mutanen Maraɗi suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Gonaki sun zama fili fetal, iskar farkon damina na binne shuka har sai an yi biyu ko uku. Amma ba rairayin Sahara ne ya taso ya rufe su ba. Gatari ne da doka. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke kowane kututture. Dokar daji kuma, tun ta Faransawa ta 1935 har ta 1974, ta sa itace irin gawo ya zama na gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Wanda zai biya tara in ya sare reshen abin da ya raina, me zai sa ya raina? Gara ya kashe shi tun yana toho.

Abin da ya juya lamarin ba wani abin mamaki ba ne in ka gan shi. Lokacin sassabe, manomi ya zo kan kututturen sabara ko kalgo ko taramniya da ya yi toho goma sha. Maimakon ya share duka ya tara ya cinna wuta, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya aske ƙananan rassan ƙasa da lauje ko adda yana yankawa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Wani ya ɗaura tsumma a jiki don masu neman itacen girki su san da mai shi. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, don haka cikin shekara uku ko huɗu abin ya fi mutum tsawo. Wannan shi ake kira sassaben zamani.

Sunan da duniya ta sani a kai shi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, wanda ya fara yaɗa dabarar a 1983 kuma aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ya cancanta. Sai dai a ganina an cika taƙaita labarin a kansa. Da yawa daga waɗanda suka bar itatuwa a 1984 don a ba su abinci sun sare su da rabon ya ƙare. Abin da ya sa dabarar ta zauna shi ne manoma sun ga amfaninta da kansu, ga hannun ma'aikatan gandun daji ya sassauta, ga dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun buɗe ƙofa. A gundumar Agye, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna saboda kwamitin tsaron itatuwa da mutanen gari suka kafa, har da mata da makiyaya a ciki, da tallafin ayyukan asusun FIDA. Da masu bincike irin Gray Tappan da Chris Reij suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi jihohin Maraɗi da Damagaram, sun sake samun itatuwa wajen miliyan 200.

Gawo shi ne sarkin wannan gona. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya fitar da shi da rani lokacin da dabba ke neman mafaka da abinci. Duba hatsin da ke gindinsa ka gwada da na nesa, ba sai an yi maka bayani ba.

Kada kuma a zarce. Wannan ba dajin zamanin Barth ba ne ya dawo. Iri kaɗan ne suka yawaita, namun daji sun tafi, kuma gandayen dajin gwamnati na Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado suna shan matsi daga kowane gefe. Gulbin Maraɗi ma ruwansa ya ragu tun da aka gama madatsar Jibiya.

"Ƙauye ne, ba ruwansa da abin da duniya ke ciki"

Wanda ya faɗi haka bai san gyaɗa ba. Tun zamanin Faransawa gyaɗar wannan jigawa ke tafiya Turai, ta Kano da jirgin ƙasa zuwa Ikko. An kafa matatsar mai ta Siconiger a Maraɗi a 1942, kuma bayan 'yancin kai kamfanin gwamnati na SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya ajiye ɗaya daga cikin injinan ɓare gyaɗarsa a Cadawa. Da yawa daga Alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu da awon gyaɗa suka fara. Fari da cutar da ta afka wa shukar a 1975 suka karya wannan kasuwa, wake da aya da riɗi suka maye gurbi.

Aya ce yanzu abin alfaharin ƙasar Agye da Cadawa. Mafi yawanta Najeriya take tafiya, inda ake kunun aya da ita, wata kuma har Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin wani farin abin sha da ita. Akwai masu cewa aya na kashe gona, kuma wannan karon ba su yi ƙarya ba. Matsalar a wurin girbi take. Sai an ƙone ganyen, a tone ƙasar, a zuba a rariya ana girgizawa, a sheƙe. Ka hango gonar aya da kaka, ƙura ce ke tashi sama, mata da yara sun yi fari fat tun daga gira har ƙafa. Wannan ƙurar ita ce naman gonar, iskar hunturu kuwa ba ta mayar da abin da ta ɗauka. Shi ya sa mai aya ba ya rabuwa da sayen taki.

Kuma duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa aljihun mutumin Cadawa: karyewar darajar sefa a Janairun 1994, rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Farashin naira a kasuwar Jibiya labari ne da ake bi a nan kamar labarin hadari.

"Yunwa ta arewa ce, nan rumbun ƙasa ne"

Da ma haka ne. A 2005, lokacin da duniya ta ga hotunan yaran Nijar, ba daga bakin Sahara aka ɗauko mafi yawansu ba, daga jihar Maraɗi ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a wannan shekara, akasari a nan. Daminar 2004 ta yi gardama, fara ta taɓa wasu wurare, amma gibin bai kai na 1984 ba. Hatsi na nan a kasuwa. Kuɗinsa ne ya ninka ya fi ƙarfin talaka.

Dalilin yana komawa ga ƙidayar da aka ambata. Gonar da kaka ya sara ta ishi gidansa har da saura. An raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, yanzu wani abin da ya gada ba ya ciyar da iyalinsa wata shida. Hutun gona ya ƙare, don ba inda za a koma. Da kaka ya sayar da tiya da arha don biyan bashi da biki, da bazara ya sayo ta da tsada, in abin ya ci tura ya jinginar da gonar ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya. Bankunan cimaka da tsarin ajiye amfanin gona a karɓi rance an kawo su ne don toshe wannan rami, kuma inda aka riƙe amana sun taimaka.

Waɗanda suka fara rasawa mata ne. A al'ada maigida kan yanka wa matarsa gamana daga cikin gandu, abin da ta noma nata ne, da shi take cike gibin tukunya. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna yadda, a kudancin jihar Maraɗi, gamanar ke ƙanƙancewa har ta ɓace, wani wurin ma a fake da kulle alhali ƙarancin ƙasa ne. Hakan ya sa mata da dama suka koma neman rabonsu na gado ta hanyar shari'ar Musulunci, suna kai magana gaban malamai da hukumomin kula da filaye da dokar 1993 ta tanada, don a rubuta musu takarda.